Wace kalma za mu ba "domain" na furotin?

Jama'a ku taimaka min, ina rubuta bayanin yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke isar da saƙo a cikinsu sai na maƙale a kan kalmar domain. Ba na intanet ba fa.

Furotin doguwar igiya ce ta amino asid, wato ƙananan sinadaran da ake jerawa a gina shi, to wani ɓangare na igiyar yakan naɗe kansa shi kaɗai ya riƙe aikinsa, sau da yawa ko an yanko shi daban haka zai naɗe, wannan ɓangaren shi ne domain. Misali SH2 da ɗakin binciken Tony Pawson ya gano a 1986, amino asid wajen 100 ne, aikinsa ya cafke tayirosin (wani amino asid) da aka manna wa ɗan sinadarin fosfet. Ƙwayar T ta garkuwar jiki na cin karo da baƙon abu sai furotin Lck ya manna fosfet a wutsiyar CD3, furotin da ke jikin fatar ƙwayar, sai wani furotin ZAP-70 ya zo da SH2 ɗinsa biyu ya damƙe wurin, daga nan saƙo ya wuce ciki. Jaririn da aka haifa babu ZAP-70 mai aiki kusan ba ya da ƙwayoyin T irin CD8 masu kashe ƙwayoyin da suka kamu da cuta, kun ga ba ƙaramin abu ba ne.

Wani ɗan'uwa ya ce yanki. Gaskiya ban gamsu ba, ai ko'ina ka shata layi ya zama yanki, haka ma sashe. Dunƙule ya kama siffar amma bai nuna jikin wani abu yake ba.

Sai wata malama ta ce gaɓa, irin gaɓar kalma. Malama Allah ya ƙara basira, wallahi nan na tsaya! "Ka" ɗin kaka shi ne na makaranta, haka SH2 yake a furotin sama da 100 a jikin mutum. Lck na da gaɓoɓin SH3 da SH2 da kinas (mai manna fosfet) a jere, furotin BTK ya ƙara da gaɓoɓin PH da TH a gaba, shi kuwa furotin SAP kusan SH2 ne zalla, kalma mai gaɓa ɗaya kenan.

An ce za a rikita da gaɓoɓin jiki, eh haka ne, sai a fara da gaɓar furotin cikakke, daga baya gaɓar SH2 ta wadatar.

Saura kalmar motif, wato ɗan jerin amino asid irin ITAM ɗin da ZAP-70 ke kamawa a wutsiyar CD3, gajere ne ba ya naɗewa da kansa. Harafi ba zai yiwu ba don amino asid ne harafin, me za mu ce masa?