Neman shawara: lensi zan fara canzawa ko bodi (ita kyamarar kanta)?

Mai Hoton Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton biki da suna nake yi, amma kwanan nan na fara shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata in Kano Pillars na wasa. Canon 600D gare ni da lensin 75-300mm. Ranar Lahadi na ɗauki hoto ya fi ɗari uku, da ƙyar na tsinci goma masu kyau, saura duk dishi-dishi, ƙwallo kamar an shafa ta. Kuɗina na abu ɗaya ne. Wanne zan fara saya?

Baba Na Zage: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka taɓa aljihu, shota nawa ka sa, wato saurin ƙyaftawar kyamara? In bai kai 1/1000 na daƙiƙa ba, ɗan wasa a guje ba zai tsaya maka ba ko da kyamarar wa ka ɗauko. Matsalar ita ce lensinka in ka zuƙo shi ƙarshe f/5.6 yake komawa, wato ƙofar shigar haske ta ƙanƙance. Wasa kuma ƙarfe 4 ake take shi, kafin a dawo hutun rabin lokaci rana ta yi sanyi, balle lokacin hunturu da hazo. Nemi Canon 70-200mm f/2.8 ko na hannu ne. Hasken da yake shigarwa ya ninka na f/5.6 sau huɗu, kuma a bodinka 200mm kamar 320mm yake gani. Da shi za ka yi biki, ka yi dambe, ka yi hawan Sallah. Bodi tsufa yake yi, lensi kuwa har ɗanka sai ya gada.

Ɗan Sabon Gari: Baba, a gafarce ni, amma 200mm gajere ne a fili mai tsawon mita 105. In yana bayan raga, abin da ke faruwa a ɗaya gefen sai dai ya kalla da ido. Ni Sigma 150-600mm nake riƙewa. Nauyinsa ya kusa kilo biyu, dole sai da sandar jingina mai ƙafa ɗaya.

Baba Na Zage: Ai shi f/6.3 ne a ƙarshe, ya fi na Mai Hoton Fagge duhu. A filin folo da rana tsaka, na yarda. A ƙwallo kuwa ba binta ake yi ba, jira ake ta zo gabanka.

Hajiyar Studiyo: Ni dai bodin nan ne bai kwanta min ba. 600D ba ta kai hoto huɗu a daƙiƙa, wuraren kama fokas ɗinta tara ne kacal. Canon 7D Mark II ta 2014 goma take yi, da wurare 65, kuma lensinka zai hau kanta. In za ka sayi ta hannu, a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Lensi kuma haska shi da fitilar waya, kada ka kwaso mai fumfuna. Kar ka riƙa canza lensi a cikin ƙurar fili.

Mai Hoton Fagge: Na gode ƙwarai. Baba, na duba, ashe 1/250 na bari tun daga wani ɗaurin aure. Akwai wanda zai ba ni hayar 70-200 na gwada a wasa mai zuwa kafin na saya?

Baba Na Zage: Zo ka karɓi nawa bayan Azahar, amma tare za mu shiga filin.