Neman kalma: me za mu kira PFMEA da sikop ɗinsa da Hausa?

Mai tambaya, daga Ikeja:
Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baki ku taimaka min don Allah. Ina aiki a wani kamfani nan Ikeja, fanka muke harhaɗawa, yawancin aikin inji ke yi mu namu sa ido ne. Oga ya ce in yi wa yaranmu 'yan Arewa bayanin PFMEA da Hausa tunda sun kai rabin masu aikin dare. Abin dai shi ne a zauna tun kafin komai ya ɓaci a bi aikin mataki mataki, a ce nan me zai iya kwaɓewa, in ya kwaɓe me zai jawo, kuma me ya haddasa shi. Kalma biyu suka tsaya min a wuya, sunan abin kansa, sai kuma wanda suke cewa sikop, wato daga ina zuwa ina za a duba. Na rubuta "binciken gazawa" amma ni kaina bai kwanta min ba.

Wani daga Mile 12:
Wa alaikumus salam. Oga ka ce musu PFMEA kawai mana, ai mun ce janareta ba wanda ya mutu.

Malamin makaranta, daga Agege:
Janareta kana ganinsa da ido kana jin ƙararsa ɗan uwa, wannan kuwa haruffa biyar ne da ba sa nuna komai. Malam mai tambaya, gazawa ba ta yi ba gaskiya, Bahaushe in ya ji gazawa mutum yake hangowa, yaro zai ɗauka laifinsa ake nema sai ya ƙi faɗin gaskiya. Tangarɗa ta fi, don ita aiki take samu. Shi ma bincike bayan ɓarna ake yinsa, kai kuma ka ce tun kafin a yi ɓarnar ne. To ka ce hasashen tangarɗa, kamar yadda ake cewa hasashen yanayi.

Injiniya, daga Apapa:
Malam na yarda da tangarɗa ɗari bisa ɗari, hasashe ne nake ɗan jin tsoronsa kar a ɗauka duba ne ko cinke. Abin nan da lissafi yake tafiya, sojojin Amurka suka fara rubuta shi a 1949, hukumar sararin samaniyarsu NASA ta yi aiki da shi lokacin shirin Apollo na zuwa duniyar wata, kamfanonin mota irin su Ford suka ɗauka daga baya. Kowace tangarɗa ana ba ta maki 1 zuwa 10 a gida uku, muninta, yawan faruwarta, da wuyar gano ta, da can a ninka su ƙarshe ya tsaya a 1000. A 2019 AIAG ta Amurka da VDA ta Jamus, ƙungiyoyin masana'antar mota, suka fitar da littafi ɗaya mai matakai 7, suka ajiye ninkawar suka koma cewa wannan a fara da shi, wannan ya biyo baya, wannan zai iya jira. Kuma matakin farko a cikin bakwai ɗin nan ne sikop yake.

Malamin makaranta:
Ai masu hasashen yanayi ma da na'ura suke yi injiniya, ba ƙasa suke bugawa ba.

Mai tambaya:
Hhhh to hasashe ya zauna. Sikop ɗin ne ya fi ba ni wahala don na ga abin da rashinsa yake yi. Zamanmu na farko awa uku muka yi ba mu cike layi biyar a takardar ba, wannan ya ce kwantena tana makara a Apapa, wancan ya ce ai zanen fankar ne ma bai yi ba, wani ya kawo zancen direban da ke jibge kwalaye a sito. Duk gaskiya ne amma ba shi ya tara mu ba. Mu wurin da hannun inji yake ɗaure noti huɗu a bayan motar fanka muka zo dubawa.

Injiniya:
Yauwa. Zane yana da nasa, DFMEA, a naku ana ɗauka zanen daidai yake. Ku ja layi daga inda kaya ya hau bel ɗin da ke jan su zuwa inda ya sauka bayan gwaji, sai ku duba mutum, inji, kayan aiki da yanayin wurin a cikin wannan filin kaɗai. Amma a kula, ɗauke wuta ba naku ba ne, sai dai in an ɗauke inji ya ɗaure noti biyu, janareta ya tashi bel ya wuce da fankar kamar an gama ta, to wannan naku ne tsaf, don a tasharku ya faru kuma wani zai kunna ta a ɗakinsa tana karkarwa.

Wata daga Idi-Araba:
Yallaɓai ai ba sai an wahala ba, iyaka kenan. A garinmu gamba ake shukawa tsakanin gona da gona.

Malamin makaranta:
Hajiya iyaka layin ne kawai, gambar kanta. Shi sikop har da abin da ke cikin gonar da wanda zai noma ta. Hurumi nake gani, kowa ya san "wannan ba huruminka ba ne", har alƙali yana cewa ba shi da hurumin sauraron ƙara. Yin aikin kuma a ce shata hurumi.

Wata daga Idi-Araba:
Na ji Malam, amma a wajenmu in ka ce hurumi wasu maƙabarta za su tuna fa.

Mai tambaya:
Hajiya kin ba ni dariya, in na haɗa shi da shata ba wanda zai tafi can in sha Allah. Na ɗauki biyun, hasashen tangarɗar aiki, matakin farko kuma shata hurumi. Iyakarki ma ban yar ba, zan sa ta a takardar, iyakar shiga da iyakar fita. Yau da daddare zan gwada a kan yaran in ji yadda za ta fito a bakinsu. Saura abin nan da ke hana a sa noti a juye, poka-yoke na Japanawa, wa ke da kalma?