Neman kalmar Hausa: me za mu kira narsisizim, me kuma za mu kira jinyarsa?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a kan kalmomi guda biyu, don akwai taron iyaye da malamai da za mu yi a wata sakandare nan Kaduna kuma da Hausa za a yi bayanin. Na farko abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira narsisizim in ya kai matakin larura, na biyu kuma irin jinyar da ake yi wa matasan da ke da shi, wadda ba allura ba ƙwaya, zama ne kawai da magana. In na tashi gaban iyaye na ce saiko'analisis, wato sunan wannan jinyar a Turance, to wallahi rabin ɗakin sun tafi tunanin cefane.

Bari in fara da asalin kalmar narsisizim don masu kawo shawara su san me muke nema. Sunan daga tatsuniyar Girkawa ne, wani saurayi kyakkyawa Narsisus da ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa, ya kamu da son ta har ya kasa tashi daga bakin ruwan sai da ya mutu a wurin. Sigmund Freud, likitan Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya yi rubutu a kai a 1914, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta a matsayin larura mai zaman kanta. A bugun kundin na yanzu alamomi 9 suka jera, sai mutum ya haɗa aƙalla 5 kafin a ce yana da ita. Akwai ganin ya fi kowa, akwai yunwar yabo da ba ta ƙoshi, akwai ganin dole a fifita shi, amfani da mutane don biyan buƙatarsa, rashin tausayin halin da wani ke ciki, hassada ko kuma zargin kowa na masa hassada.

To na ga har an fara kawo shawarwari, na gode ƙwarai.

Yayana da ka ce son kai, ban yarda ba gaskiya. Son kai shi ne wanda aka kawo nama a faranti ya kwashe tsokar ya bar wa ƙannensa ƙashi. Wannan kowa na da ɗan rabonsa, kuma mai son kai yana iya sanin sarai bai fi kowa ba, cikinsa kawai ya sani. Abin da muke magana ya wuce nan.

Girman kai shi ne mafi yawanku kuka kawo, kuma shi na fi jin tsoro. Ba wai bai yi kama ba, ya yi. Amma girman kai a kunnen Bahaushe zunubi ne, da ka faɗa sai a tuna Iblis da ya ƙi sujada, sai wa'azi ya biyo. Ka ce wa uba ɗanka na da ciwon girman kai, me kake tsammani zai yi? Bulala zai ɗauko ya ce bari ya sauke masa, ko ya tara ƙannen yaron ya ci masa mutunci a gabansu don ya karya shi. Alhali wannan cin mutuncin shi ne ainihin abin da ke ƙara rura wutar, don abin da masana suka gano, ƙarƙashin wannan fankamar akwai zuciya mai rauni sosai da ba ta iya ɗaukar ko ƙaramin kushe. Miki ne aka rufe da babbar riga. Ku kalli yaron da ya saba zuwa na ɗaya, ranar da aka ba shi katin sakamako ya ga na biyu sai ya yayyaga shi tun a bakin get, ya ce malamin lissafi ne ya tsane shi, ya daina yi wa abokin da ya zo na ɗaya magana har ƙarshen zango, da daddare kuma ya kulle ɗaki ya ƙi cin abinci. Wanda ya natsu da kansa ba ya haka.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, ujubu da ka kawo ita ce ta fi kusa a ma'ana, mutum ya riƙa burge kansa da kansa, kusan daidai da saurayin bakin ruwan nan. Na daɗe ina juya ta. Matsalarta ɗaya ce da ta girman kai, gidanta babin cututtukan zuciya ne tare da riya da hassada, maganinta tuba da tarbiyya, kuma wannan babin na malamai ne, bai kamata mu ɗauko kalmarsu mu liƙa wa abin asibiti ba har mutane su rikice su ɗauka wanda likita ya ce yana da larura an yanke masa hukunci ne a addini. Sannan iyaye da yawa a taron ba musulmi ba ne, Kaduna ce, kalmar ba za ta shige su ba.

Jin kai kuma da Hajiya ta kawo, a baki ba laifi, amma a rubuce akwai hatsari. Yawancinmu wayoyinmu ba mu sa ƙ mai lanƙwasa, to jin kai da jinƙai sai su zama abu ɗaya a allo, ka rubuta yaro na da larurar jin kai wani ya karanta ya ce to ai tausayi ba ciwo ba ne. Kalmar da za ta iya juyewa ta zama kishiyarta ba ta dace da takardar da za a raba wa iyaye ba.

Saboda haka ni dai na tsaya a kan larurar ji da kai. Ji da kai kowa ya san shi, daga Tudun Wada har Sabon Tasha, bai da nauyin zunubi kamar girman kai, kuma kalmar larura a gaba ita ce ke gaya wa mai sauraro cewa abin jinya ne. Na guji ciwon hauka da taɓin hankali da gangan, don a garin nan da an ji haka sai a ce a kai shi Barnawa ana dariya, alhali asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa wurin neman lafiya ne kamar kowane asibiti, kuma mai wannan larurar yana cikin hankalinsa, karatu ma wani lokacin ya fi kowa.

Amma fa a kiyaye, don Allah. Kusan duk ɗan shekara 15 yana da ɗan ji da kai, ya tsaya gaban madubi awa guda, ya ga iyayensa ba su waye ba, wannan balaga ce kuma tana wucewa. Shi ya sa ma ƙa'idar likitocin ta ce wanda bai kai 18 ba sai halin ya ɗore aƙalla shekara 1, ya kuma game ko'ina, gida da makaranta da abokai, kafin a sa masa suna. Kada kalmar ta zama sabon zagi a bakin matan uba da malaman aji.

Saura jinyar. Wani ƙanena ya ce tonon zuciya, kuma na gane dalilinsa tunda aikin shi ne a gano abin da ke ɓoye wanda shi mai shi ma bai san yana tuƙa shi ba. Amma tono a Hausa ba ya zuwa da alheri, tonon asiri, tonon silili. Wace uwa ce za ta kai ɗanta a tone shi? Yaron ma da duk tsoronsa kenan a ga rauninsa, ba zai sake komawa ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Yaro da likita su biyu a ɗaki, wajen minti 45 zuwa 50, sau ɗaya ko biyu a sati, a yi watanni, sau da yawa shekaru. Babu ƙwayar da aka yi don wannan larurar kanta, sai dai in akwai ciwon damuwa a tare a ba shi maganin wannan. Da farko yaron zai iya ɗaga likitan sama, kai kaɗai ka fahimce ni dokta, can bayan sati biyu likita ya faɗi abin da bai masa daɗi ba sai ya juya ya ce dama ba ka san aikinka ba. Likitan ba ya rama, ba ya kuma lallashi, sai ya nuna masa a hankali cewa abin da ka yi mini yanzun nan shi kake yi wa abokanka da mahaifiyarka, mu duba daga ina ya taso. Manyan wannan fanni biyu, Heinz Kohut da Otto Kernberg, dukansu haifaffun Biyana da suka yi aiki a Amurka, sun saɓa a nan. Kohut ya fi karkata ga a fahimci yaron a ba shi kulawar da ya rasa yana ƙarami, Kernberg ya ce dole a fuskanci fushin da hassadar da ke ciki kai tsaye. Amma duk su biyun baya suke komawa suna bin sawun halin.

Shi ya sa nake ganin mu ce jinyar zance ga duk wata jinya ta zama da magana, wannan nau'in kuma jinyar zance ta bin diddigi. Anti da kika ce zance zai sa a tuna zancen saurayi da budurwa, na ji, kuma kina da gaskiya a nan, to in jinyar tattaunawa ta fi muku ba ni da ja, sai dai ta yi tsawo a baki. Ku zaɓa tsakanin biyun kafin in kai takardar wurin buga ta ranar Alhamis in Allah ya kai mu.