Ina ake juya kan mota idan za a kwana a cikinta?

Mai tambaya, Ƙofar Guga, Katsina: Assalamu alaikum. Masu a-kori-kura da aka ɗora wa ɗakin kwana a baya, ku taimaka da abin da kuka sani. Ƙofar ɗakin a baya take, taga ɗaya dama ɗaya hagu. Idan dare ya yi wa mutum a hanyar Daura ko kasuwar Mai'aduwa, wace fuska ya kamata motar ta kalla?

Tsohon direba, Daura: Wa alaikumus salam, ɗana. Lokaci ke zaɓa maka fuska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, sai ka ba ta hancin motar. Gaban mota dama don tsaga iska aka ƙera shi, ƙofarka kuma ta koma kudu maso yamma inda babu bugu. In ka ba ta gefe, motar za ta kwana tana rawa saboda tsayin ɗakin, ƙura kuma ta bi robar taga ta sauka kan shimfiɗa. Da damina ka juya gabas sak. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, guguwar da ke gabansa ita ke fizge ƙofa ta lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe ta. Rumfar tamfol kuwa a naɗe ta tun kafin a kwanta.

Makanike, Ƙofar Ƙaura: Baba ya gama magana kan sanyi da ruwa, amma bazara fa? Maris zuwa Mayu, zafin rana na haura digiri 40, abin tsoro shi ne ranar la'asar. Kada dogon gefen ɗakin ya kalli yamma, don kwanon zai sha zafi ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. A juya hanci yamma, gidan direba ya tare ranar, a rufe gilashin gaba da kwali ko tabarma ta waje. Ta waje na ce, Alhaji, domin in ta ciki ka rufe zafin ya riga ya shiga. Tagogin sun koma kudu da arewa ke nan. A buɗe duka biyun a sa raga, iska ta ratsa.

Tsohon direba: Haka ne, sai dai daga ƙarshen Mayu a riƙa duban gabas kafin barci. In an ga walƙiya, a juya motar.

Mai haɗa sola, Sabon Layi: Katsina na wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), don haka da hunturu rana kan karkata kudu sosai. Farantin sola da ake saukewa ƙasa a jingina shi yana kallon kudu, a share masa ƙura kowace safiya, in ba haka ba batir ba zai cika ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana ta ɗan arewa take bi, a kwantar da shi kawai. Batun inuwa: bedi da gawo na da ganye da rani, kuka tsirara take. Itacen ya kasance yamma da motar, ba a kanta ba, saboda reshe da kashin tsuntsaye.

Ma'aikaciyar jinya, Daura: Yayyena, ku bar ni in ƙara wanda ya fi damuna. Janareto ya tafi can ɓangaren da iska ke nufa, aƙalla mita 6 daga taga, bakin salansa na kallon waje. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana cikin ɗakin komai sanyi. Gubar da yake fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya ji.

Makanike: Gaskiyarki, Hajiya. Saura ƙasa. Ajiye kwanon ruwa a daɓen ɗakin ka ga inda ya karkata, ka ɗaga ɓangaren da katako ƙarƙashin taya. In ba ta daidaitu ba, kan mai barci ya zama a sama. Giya ta ɗaya, birkin hannu, dutse gaba da bayan taya. Da damina a guji kwari da bakin rafi ko da a bushe suke, ruwan da aka yi a wani gari kan iso da dare. Kuma kowace fuska ka zaɓa, ka bar wa hancin hanyar fita ba tare da ribas ba.