Bidiyon da na yi kan Allen Iverson ya jawo min zagi, in goge ko in bari?

Abba Kwando: Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan shafi a TikTok da nake kawo labarin 'yan kwallon kwando da Hausa, tun ina sakandare nake son wasan nan, da yayana muke raba dare muna kallo a gidan kallo har babanmu ya taɓa kulle mana ƙofa muka kwana a shagon mai shayi, to shi ne na yi bidiyo kan Iverson na sa masa suna "Daga dala miliyan 150 zuwa tsiya". Na faɗi yadda ƙungiyar Philadelphia ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1996, ya zama gwarzon NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2001, albashinsa kaɗai ya haura miliyan 150, amma a 2012 kotu a jihar Georgia ta ce ya biya wani mai saida gwala-gwalai bashin sama da dala dubu 800. Yanzu kwament ya cika da zagi wai ni maƙaryaci ne, kuma wanda muka yi maganar zai ba ni talla ya daina ɗaga wayata. Ya zan yi?

Koci Ɗanlami: Ƙanena ka goge yau ɗin nan. Mutumin da kamfanin takalman wasa na Reebok ke biya dala dubu 800 duk shekara har ƙarshen rayuwarsa shi kake kira matsiyaci? Tun 2001 suka ƙulla wannan yarjejeniya, kuma akwai miliyan 32 da aka ajiye masa ba zai taɓa ba sai ya cika 55, wato 2030. A 2023 ma sun ba shi mataimakin shugaban sashen kwando, tsohon ɗan wasa Shaquille O'Neal ne shugaba. Idan mai tsiya kake nema ga tsohon ɗan wasa Antoine Walker nan, ya ci sama da miliyan 100 ya je kotu a 2010 ya ce ya karye. Ku yaran yanzu kanun labari kawai kuke karantawa.

Abba Kwando: Koci na san zancen Reebok wallahi, minti uku ne bidiyon ba komai zai shiga ba. Kuma in ba almubazzari ba ne me ya sa aka kulle masa kuɗi kamar ƙaramin yaro?

Maman Khairat: Ni kam kar ka goge. Ai darasi ne. Mijin ƙanwata da ya samu kuɗin kwangila haka abokai suka yanyame shi, kullum gida cike, shinkafa buhu-buhu, yau ko kuɗin makarantar yara sai an haɗa masa, kuma ba ko ɗaya da ke leƙo shi. Ni aka mayar muguwa don na yi magana tun farko.

Auwal Tela: Mai tallan nawa ya ce zai ba ka? Kuma kun rubuta a takarda? Ba ka faɗa ba.

Koci Ɗanlami: Hajiya ba zancen mijin ƙanwarki ake ba. Abba ka ji, matsalarka ba ka san daga ina mutumin ya fito ba. Yana ɗan 17 aka kama shi kan wani faɗa a Hampton a 1993, ya yi wata huɗu a tsare kafin gwamnan Virginia Douglas Wilder ya yi masa afuwa, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ɗan tsurut ne a cikin ƙattai amma sau huɗu yana fin kowa maki a kaka. A wasan farko na zagayen ƙarshe na 2001 ya zuba wa ƙungiyar Lakers maki 48, ya jefa ƙwallo ya tsallake ɗan wasansu Tyronn Lue yana ƙasa yana kallonsa, kuma wasan nan kaɗai Lakers suka faɗi a duk wasannin neman kofin na shekarar. Ko hirar 2002 da ake masa dariya yana ta maimaita zancen atisaye, an kashe amininsa ne watanni kafin nan, 'yan jarida suka yanke wajen. Ni shekara da shekaru ina koyar da yara a fili ko ƙwallo ɗaya ba wanda ya taɓa saya mana.

Baban Sultan: Ka yi kashi na biyu kawai, zagin ma kallo yake kawowa. In ka goge an riga an sauke, sai su ce ka ji tsoro.

Abba Kwando: Ni fa ban yi ƙarya ba, hukuncin kotun yana nan. Shi Iverson ya musanta cewa ya tsiyace, to wa zai yarda da bakinsa? Sunan bidiyon ne kawai ya yi zafi kuma in ba ka sa haka ba ba mai dannawa. Auwal ba mu rubuta komai ba, abokin yayana ne.

Auwal Tela: To ai tun can babu talla kenan.

Koci Ɗanlami: Turo min lambarka mu yi kashi na biyun tare, amma ni zan yi magana.

Abba Kwando: Koci shafina ne fa. Akwai wanda ya san ko ana iya canza sunan bidiyo ba tare da kallon ya zube ba?