Sayen jirgin tsere na hannu: abin da masu harkar suka ce

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan sayen ƙaramin jirgin ruwa na tsere mai tafiya da iska, irin waɗanda ƙirarsu ɗaya ce sak kamar Laser da yanzu ake kira ILCA, ko J/24 da ya fito a 1977. Kusan kowa ya ce ka fara leƙa kulob ɗin da za ka yi tsere ka ga wane iri suke hawa, in ka sayo wani daban kai kaɗai za ka yi ta yawo a ruwa, kuma ranar sayarwa ba mai taya maka.

A Laser lambar jikin ƙyallen iska ita ke nuna tsufan jirgin. Ka zuba ruwa a ramin da sandar da ke riƙe ƙyallen ke zama, in ya tsiyaye to akwai tsaga, gyaran nan akwai cin kuɗi gaskiya. Ka danna saman jirgin da hannu, in yana lotsawa ka haƙura kawai.

An ɗan yi musu kan tsohon ƙyalle, wasu sun ce ya isa koyo, ni dai a ganina a rage kuɗin sabo daga farashin. Tirelar da ake ɗora jirgin a ja shi da mota ma a tambaya ko tana cikin farashin.