Muhawara: Shin fim ɗin Heroine ya tona asirin Bollywood da gaske?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ra'ayina a kan Heroine, fim ɗin Madhur Bhandarkar da ya fito a watan Satumbar 2012, shi ne bai tona asirin masana'antar finafinan Mumbai ba kamar yadda aka yi ta kururutawa kafin fitowarsa. Ya tattara tsegumin da mujallu suka riga suka gama yaɗawa ne, ya jibga wa mace ɗaya, wato Mahi Arora, rawar da Kareena Kapoor ta taka. Shaye-shaye, soyayya da jarumi mai aure, gaba da abokan sana'arta mata, larurar ƙwaƙwalwa, har da sakin bidiyon sirri don neman suna, duk a kanta aka ɗora. Mai kallo yana tashi da tunanin cewa ita ta jawo wa kanta, alhali masu kuɗin da suke yanke shawarar wadda za a saka a fim da wadda za a yasar sun wuce salin alin.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda da kai ba, domin abubuwan da ka kira tsegumi sun faru da mutane na gaske. Meena Kumari ta rasu a 1972 tana da shekara 38 sakamakon ciwon hanta, makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗinta Pakeezah. Parveen Babi kuwa, wadda ta yi tashe tare da Amitabh Bachchan a shekarun 1970, a gidanta da ke unguwar Juhu aka tsinci gawarta a 2005, bayan ta yi kwanaki da rasuwa ba wanda ya sani. Ka tuna kuma da tsohuwar jarumar nan ta cikin fim ɗin, wadda Helen ta fito a matsayinta, da yadda 'yan jarida suka yi wa Mahi caa da kyamarori a wurin jana'izar tsohuwar, tana kuka suna jefa mata tambayoyi. Wannan wurin ya taɓa ni ƙwarai, kuma ban ga ƙari a cikinsa ba.

Malam Habibu: Hajiya, ban ce irin waɗannan abubuwa ba sa faruwa ba. Ƙorafina shi ne fim ɗin bai tsaya a kan ko ɗaya daga cikinsu ya bi diddiginsa ba. Wurin jana'izar da kika ambata yana da kyau, amma tsohuwar jarumar ba ta samu fili ba, alhali rayuwarta ce ya kamata ta nuna mana inda Mahi ta dosa. Haka larurar Mahi, an ambace ta, an nuna ta tana haɗiyar ƙwayoyi, sai aka mayar da ita hujjar ihu da fashe-fashe kawai.

Aminu: Ina bayan Malam Habibu, kuma ina ganin tushen matsalar yana wurin daraktan. Bhandarkar ya yi suna da Chandni Bar a 2001, inda Tabu ta samu lambar yabo ta ƙasa, sannan ya yi Page 3 a 2005 da Fashion a 2008, wanda ya kawo wa Priyanka Chopra da Kangana Ranaut irin wannan lambar. A Chandni Bar ana ganin cewa ya zauna ya fahimci rayuwar matan da ke rawa a mashayun Mumbai, yadda talauci ke kai su can da yadda 'ya'yansu ke gadon wahalar. Zuwa lokacin Heroine, salon ya riga ya tsufa a hannunsa, duk wanda ya kalli Fashion zai iya faɗin abin da zai biyo baya tun kafin ya zo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan karon gidansa ne yake magana a kai, sana'ar da ya fi kowace sani, amma a nan ne ya fi taka tsantsan.

Hajiya Rabi: Aminu ƙanena, ai mutum ba ya sare reshen da yake zaune a kai. Kamfanin UTV ne ya zuba kuɗin fim ɗin, kuma gobe ma wurin manyan jaruman nan zai koma neman aiki. Duk da haka ya nuna yadda jarumi namiji ke sa a rage wa jaruma rawarta idan ta ƙi ba shi kai, ya kuma nuna yadda mai kula da tallata Mahi, rawar da Divya Dutta ta taka, ke ƙirƙiro labari ta miƙa wa jaridu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a 2012.

Aminu: Yaya Rabi, wannan uzuri ne ga daraktan, amma bai gyara fim ɗin ba. Dubi tarihin fim ɗin kansa. Aishwarya Rai aka fara sanarwa a matsayin jarumarsa a bikin finafinai na Cannes a 2011, har an fara ɗauka, sai aikin ya tsaya cak da aka samu labarin tana da juna biyu, daga baya aka dawo da shi da Kareena. Ga tambaya babba nan a gabansa, wato me ya sa aure da haihuwa ke zama barazana ga sana'ar jaruma, alhali jarumi namiji yana haura shekara 50 ana haɗa shi da 'yan mata sa'o'in 'ya'yansa. Fim ɗin ya taɓo batun a soyayyar Mahi da ɗan wasan kurket, rawar da Randeep Hooda ya taka, ya wuce da sauri. Sannan da waƙar Halkat Jawani aka fi tallata shi, waƙar da aka shirya don a kalli jikin jarumar, wanda shi ne ainihin abin da fim ɗin ke iƙirarin yana suka.

Malam Habibu: Shi ya sa nake kwatanta shi da The Dirty Picture na 2011, wanda ya ɗauko daga rayuwar Silk Smitha, jarumar finafinan kudancin Indiya. Shi ma yana da nasa laifin, amma ya nuna ƙarara cewa mazan da ke tururuwar kallonta da dare su ne ke kiranta 'yar iska da rana. Wanda kuma yake son ganin tonon asiri na haƙiƙa, ya duba rahoton kwamitin Mai Shari'a Hema da gwamnatin jihar Kerala ta kafa a 2017, aka fitar da shi a Agustan 2024. Masana'antar finafinan harshen Malayalam ta jihar Kerala ya bincika, ba ta Mumbai ba, amma ya bayyana yadda wasu tsirarun maza ke riƙe da ragamar ba da aiki, da yadda ake hana mace aiki idan ta yi ƙorafi, har da rashin banɗaki da wurin sauya kaya a wuraren ɗaukar fim.

Hajiya Rabi: Batun waƙar na karɓa, Aminu, ba ta da gurbi a fim irin wannan. Amma Malam, rahoton kwamiti daban, fim daban, kuma shekara 12 ce tsakaninsu. Ni dai ba zan kira shi fim ɗin banza ba matuƙar wasan Kareena yana ciki, musamman wuraren da take zaune fuska ba kwalliya tana roƙon a ba ta aiki. Masu sharhi da dama da suka soki labarin a lokacin sun yaba mata, kuma ina ganin sun yi adalci.